Wa zai auna zafin jikin mai taɓin hankali?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar kwalta da ta taso daga Gidan Runji, ta bi ta Maraɗi, Caduwa, Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa, ya san su. Babu tashar mota ko kasuwar mako da ba ta da nata: wani da tsumma ɗaure a ƙafa ƙuda na bin gyambonsa, wata da tsohon ciki ba a san mai shi ba, wani kuma yana tari tun kaka har bazara a gindin bedi guda. Ƴan kasuwa na miƙa musu sadaka, ma'aikata na kauce musu da babur, kowa kuma ya tabbata ya san ciwon da ke damunsu, tun da sunan ciwon a bakin yara yake. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me ke kashe su. Ran da aka wayi gari aka iske ɗayansu ya sandare a rumfar mai nama, sai a ce wahalarsa ta ƙare, a yi masa sutura, a koma ciniki. Alhali mafi yawansu masassara ce, ko tarin fuka, ko miki da ya ruɓe, ke kai su kabari, wato cututtukan da ake warkar da maƙwabtansu daga gare su kowace safiya a gidan likitan da ke tsallaken hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da faɗin haka. A cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2018 kan lafiyar jikin masu taɓin hankali mai tsanani, ta nuna cewa waɗannan mutane suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma galibin mace-macen daga cututtukan jiki suke, irin waɗanda ake iya karewa ko magancewa: ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta da na huhu. Yawancin binciken da aka gina wannan lissafi a kansa an yi shi ne a ƙasashen da ke da asibiti a kowace unguwa. A Butajira kuwa, wani yankin karkara na ƙasar Habasha, inda aka bi majinyata har shekara 10, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ratar ta kusa shekara 30, kuma cututtuka masu yaɗuwa ne kan gaba wajen kisa. Tsakanin Turai da Butajira, mai karatu ya san wadda ta fi kama da karkarar Maraɗi.

A ɗauki Sae Sabuwa. Ƙaramar hukuma ce ta manoman gero, gyaɗa da wake, tana iyaka da Caduwa, ta fi kusa da birnin Maraɗi bisa ga Gidan Runji, hedkwatar gundumarta. A takarda, tsarin lafiyarta ba shi da aibu. Akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, irin waɗanda aka yawaita ginawa tun 2001 a ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou; sama da su akwai CSI, inda majo da ungozoma suke; sama da CSI akwai asibitin gunduma; can ƙoli kuma asibitocin Maraɗi. Haka tsanin yake a Agiye, haka yake a Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Wanda ya tsara tsanin nan ya tsara shi ne domin mutumin da ke iya cewa «nan ke mini ciwo», yana da ɗan'uwa mai riƙe masa hannu, yana kuma da ƴan tamma a aljihu. Mai taɓin hankali yakan rasa ukun gaba ɗaya. Kuma kada a ɗauka waɗanda ake gani a kasuwa su ne duka. Su ne ƴan kaɗan. Mafi yawa suna cikin gidaje, a ɗakin ƙurya, inda baƙo ba ya shiga.

Ƙofar farko da ke rufe musu ita ce kunnen mai sauraro. Da zarar an san mutum da taɓin hankali, duk abin da ya fito daga bakinsa sai a jingina shi ga ciwon. Ya ce cikinsa na cin wuta, a ce iskokinsa ne suka motsa. Ya ƙi cin abinci kwana uku, a ce ai dama haka yake in wata ya kama. Ya kwanta shiru ya daina surutu, dangi su yi hamdala wai ya samu sauƙi, alhali zafin jikinsa ya kai 40. In ma an kai shi gidan likita, ma'aikacin da ke da layin mata sittin da goyo a bakin ƙofa, ya ɗaga ido ya ga wanda ya sani, to hannunsa zai fi saurin zuwa ga allurar sa barci bisa ga ma'aunin zafi. Ba lalle mugunta ba ce. Gajiya ce, da tsoro, da kuma koyarwar makaranta wadda ta raba mutum gida biyu, kai daban, gangar jiki daban. Amma sakamakon ɗaya ne ko da mugunta ko babu: ƙaba da ta shaƙe hanji tana kisa cikin ƴan kwanaki, kuma allurar barci ba abin da take yi sai hana majinyacin kukan da zai sa a gane.

Likitoci sun san wani abu da ya kamata kowane uban gida ya sani: canjin hali na farat ɗaya a jikin mai tsohon taɓin hankali, ko ya fi kullum faɗa, ko ya fi kullum shiru, sau da yawa alama ce ta wani ciwo a jiki wanda ya kasa furtawa. Haƙori ne ya kumbura, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙashi ya tsage. Mutumin da tunaninsa ya rikice ba ya iya jera bayani, sai jikinsa ya yi maganar ta hanyar da ya iya.

Kuskuren yana kuma tafiya ta ɗaya ɓangaren, kuma nan ne ya fi ban takaici. Akwai cututtukan jiki da ke shigowa da kamannin hauka a jikin wanda bai taɓa taɓuwa ba. Masassarar sauro in ta hau kai, sanƙarau, zazzaɓin taifot, saukar suga a jini, ciwon hanta ko ƙoda da ya yi nisa, duk suna iya sa mutum sambatu, ya kasa gane matarsa, ya ga abin da babu. Jihar Maraɗi tana cikin ɗamarar sanƙarau, kuma waɗanda suka ga annobar 1995 ba su manta ba. Saurayin da ya dawo daga gona da yamma lafiya lau, ya kwana yana fizge-fizge da zafin jiki, awoyi ƙalilan gare shi. Amma hanyar da aka saba ita ce a fara da hayaƙi, a bi da rubutu, a kira mai ruƙiyya, in abin ya ƙi a nemi ƴan bori, waɗanda tasirinsu a kwarin Maraɗi ya sa Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi musu littafi guda tun 1972. Zagin malamai da bokaye a nan aikin banza ne. Su ne ke karɓar majinyaci da tsakar dare, su ne ke karɓar kwanon gero maimakon kuɗi, su ne kuma ba sa yi wa danginsa tsawa. Sun riga gidan likita ne domin sun fi shi sauƙin shiga. Abin da ake buƙata daga gare su ɗaya ne, kuma ana iya koya shi cikin wuni guda: duk wanda ruɗewarsa ta zo tare da zafin jiki, ko sanƙarewar wuya, ko suma, a ɗora shi a kan amalanke tukuna, addu'a ta bi shi a hanya.

Ƙofa ta biyu ita ce mai jinya. Asibitin Nijar, kamar na maƙwabtanta, bai taɓa tsayuwa da ƙafarsa shi kaɗai ba. Ɗan'uwan majinyaci ne ke sayo magani, shi ke kawo abinci, shi ke wanki, shi ke zubar da fo, shi ke zuwa ya tada ma'aikaci in ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Gado ba tare da mai jinya ba, kusan katako ne kawai. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, a binciken da suka jagoranta a birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, wanda ya fito a 2003, sun nuna yadda majinyacin da ba shi da kowa a cikin gidan yake zama kamar ba a ganinsa, wanda ya zo da sanayya kuwa a tsallake layi da shi. To wane ne ya fi rashin sanayya bisa ga mutumin da danginsa suka gaji da shi tun shekara biyar, matarsa ta koma gidansu, ƙannensa suka tafi ci-rani Agadas ko Libiya? Uwa ce kan rage, tsohuwa, wadda ba ta iya riƙe shi in ya zabura, ba ta kuma iya barin awakinta da jikokinta ta tare a Maraɗi mako biyu. Ga kuma direbobi. Mai motar haya da ya ga an taho da mutum ɗaure, ko dai ya ƙi tsayawa, ko ya ce a sayi kujera uku. Ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukar wanda zai iya kifar da shi.

Sai kuɗi, wanda tarihinsa ma'aikatan da suka daɗe a aiki suka sani sarai. Taron Bamako na 1987 ne ya kawo ra'ayin cewa majinyaci ya riƙa biyan wani abu domin kada kantin magani ya bushe. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. A 1995 doka ta tabbatar da biyan kuɗin magani a ƙananan gidajen likita. Shekara goma bayan haka, da aka ga talaka ya ƙaurace, sai aka fara buɗe tagogi: tiyatar haihuwa kyauta a 2005, yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006, ko da yake bashin da gwamnati ta riƙa tara wa gidajen likita a kan wannan kyauta ya sha barin su ba magani. A Agustan 2024 hukumomin soja suka rage kuɗin ganin likita, gwaji, kwanciya da tiyata da rabi a asibitocin gwamnati, suka mai da haihuwa kyauta, suka soke jaka 150 da ake karɓa daga masu wankin ƙoda. Matakin ya taimaki jama'a da yawa, kuma babu dalilin ƙin faɗin haka.

Sai dai rabin kuɗi yana amfanar wanda ke da rabin. Taɓin hankali mai tsanani yakan kama mutum ne a ƙarshen samartaka, daidai lokacin da zai fara noma wa kansa, kuma yakan zauna shekaru. Kafin a zo ga ciwon jiki, gidan ya riga ya sai da akuya don girka, ya sai da rago don rubutu, ya jinginar da gona don tafiya Kano ko Kware neman magani. Ran da tari ya zo, rumbun babu komai, kuma a cikin lissafin uban gida, wanda ba ya faɗi amma kowa ya san shi, jaka biyar da ta rage ta yaron da zai yi noma baɗi ce. Akwai takardar shaidar rashin galihu da ake iya nema a ofishin ƙaramar hukuma. Amma neman ta na son wanda ya san da ita, ya san ofishin, yana da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, yana kuma iya komawa gobe in an ce mai sa hannu ya fita. Wanda ke iya duk wannan da ƙyar a kira shi marar galihu.

Akwai kuma gadon da aka ci daga Nasara, na ware masu taɓin hankali a kusurwa guda a ja musu ƙofa. A Yamai sunan Pavillon E na babban asibitin ƙasa ya zama abin zolaya a bakin jama'a, har abokai na yi wa juna barazanar kai wa can. Likitocin wannan fanni a ƙasar ana ƙirga su da yatsu, akasarinsu kuma a babban birni suke. A jihohi, har da Maraɗi, manyan ma'aikatan jinya da aka horar ne ke ɗauke da kayan, kuma suna yin abin da ya fi ƙarfinsu. Illar wariyar ita ce kowane ɓangare yana ganin majinyacin na ɗayan ne. Sashen cututtukan jiki ya ce a kai shi wajen masu hankali su kwantar da shi tukuna; sashen masu taɓin hankali, wanda ba don tiyata ko ƙarin jini aka gina shi ba, ya mai da shi inda ya fito. Dangi su yi ta zarya a farfajiya da mutum a kafaɗa har kuɗin abincinsu ya ƙare, su koma gida. Abin mamaki, Afirka ta Yamma ce ta koya wa duniya akasin haka. A Aro, kusa da Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata da danginsu a gidajen ƙauye tun 1954. A Fann ta Dakar, Henri Collomb ya buɗe ƙofofi tun daga 1959, ya shigo da dangi cikin jinya. Ana koyar da sunayen nan a jami'a, ana ba da maki a kansu, sannan a fito aiki a yi yadda aka iske.

Maganin taɓin hankalin kansa yana da nasa haraji a kan jiki, kuma wannan ne abin da aka fi sakaci da shi. Largactil da Haldol, tsofaffin magunguna masu araha da aka fi samu, suna aiki, sun kuma kwance mutane da yawa daga turu. Amma suna iya sandarar da gaɓoɓi, su kawo karkarwa da dalalar miyau, har jama'a su ce ciwon ne ya ƙaru. Largactil na saukar da jini in mutum ya miƙe tsaye, yana kuma rage wa jiki ikon sanyaya kansa, abin da ba wasa ba ne a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40 a inuwa, balle ga wanda aka kulle a ɗakin kwano ba randa kusa. Sababbin magungunan kuma suna sa ƙiba, suna buɗe ƙofar ciwon suga. Saboda haka ƙa'ida ta ce duk mai shan su a riƙa auna nauyinsa, jininsa da sugansa lokaci-lokaci. A aikace, ɗan'uwa ne kan zo da tsohuwar takardar magani ya sabunta, majinyacin na gida, wata shida ba wanda ya ɗora masa hannu. In kantin gwamnati ya yanke, kamar yadda aka sha wahala bayan takunkumin CEDEAO da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Fabrairun 2024, sai a koma ga mai tallar ƙwayoyi a faranti, wanda ke sai da maganin barci da Tramol a jere da na ciwon kai.

Tarin fuka ya isa misali. Maganinsa kyauta ne, amma yana son wata 6 ana sha ba fashi, da komawa gwajin majina. Wa zai tsaya wa mai taɓin hankali a kan haka? In ya yanke a wata na biyu, ƙwayar cutar na iya taurarewa, kuma tarin da yake yi a rumfar kasuwa ba ya tambayar wanda zai shaƙa ko ɗan kasuwa ne ko kwastan. Ƙari a kan haka, rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin, yana rage ƙarfin Haldol a jini, ta yadda mutumin da ya daɗe da natsuwa zai iya birkicewa a tsakiyar jinya. In mai ba da wannan bai san da mai ba da wancan ba, sai a ce majinyacin ne ya ƙi ba da haɗin kai.

Na mata ya fi muni. A ƙasar da binciken 2012 ya ba kowace mace haihuwa 7,6, kuma jihar Maraɗi na cikin na gaba, ruɗewar jego ba baƙuwa ba ce. Macen da ta rikice kwana kaɗan bayan haihuwa tana iya zama mai taɓin hankali na jego, wanda ke warkewa, tana kuma iya zama mai zazzaɓin mahaifa ko jijjiga, waɗanda ke kisa; ba a rarrabe su sai da ma'auni. Mai farfaɗiya, wadda ciwonta ba hauka ba ne amma jama'a da asibiti suka haɗa su layi guda, tana faɗawa murhu, mutane su ja da baya don tsoron miyau, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Gardénal da Tégrétol da ake ba ta suna raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, Dépakine kuma na iya lahanta ɗan tayi. Wannan bayani ne na minti biyu, in akwai wanda ya ɗauke ta a matsayin macen da za a yi wa bayani. Ita kuwa ta bakin tasha, wadda wani mai cikakken hankali ya yi wa ciki da dare, awon ciki kyauta ne gare ta tun 2006. Ba a dai taɓa jin wanda aikinsa ne ya kai ta ba.

Game da mari da turu, kowa ya san suna nan, kowa kuma ya san dalilin: uwar da ba ta da magani, tana tsoron ɗanta ya faɗa rijiya ko ya sari wani, ba ta da abin yi sai sasari. Amma ƙarfe na cin idon sawu, mikin na ruɓewa, ƙasa na shiga ta kawo ciwon sarƙe-haƙora, ƙafafu na shanyewa don rashin motsi. Wanda aka ɗaure kuma ba a kai shi gidan likita, domin kai shi tona asirin gida ne. A Satumban 2019 ƴan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan da ya biyo baya aka buɗe wasu a Daura da Katsina, kuma hotunan jikkunansu sun zagaya duniya. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ba ta taɓa hana wata al'ada ƙetarewa ba. Najeriya dai ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958. Nijar ta amince tun 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 25 ya wajabta a ba su kulawar lafiya daidai da ta kowa. An sa hannu, an yi tafi, an adana.

Gundumar Gidan Runji tana da ƙarin nauyi tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A cikinsu akwai waɗanda suka ga an kashe nasu a gabansu, akwai waɗanda suka baro maganin da suke sha a gidan da aka ƙone. Su kuma ƙunci kan fito musu ta jiki, ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, a yi ta ba su farasitamol. Ƙungiyoyin agaji sun kawo masu ba da shawara, amma aikin ƙungiya da kwangila yake tafiya, ran da kuɗin ya ƙare mota ta juya.

Za a ce, kuma masu faɗin haka ba wawaye ba ne, ƙasar da yara ke mutuwa da masassara da tamowa ba ta da sukunin wannan zance. Jihar da ta ga 2005 ta san inda ya kamata tamma ta fara zuwa. Da abin da ake nema sabon asibiti ne mai bene, da hujjar ta tsaya. Amma ma'aunin zafi, awon jini, gwajin masassara na ɗan yatsa da sikeli duk suna nan a CSI, an riga an saye su. Abin da ya rage shi ne umarni daga likitan gunduma cewa duk wanda aka kawo a ruɗe, ko an san shi ko ba a san shi ba, a auna waɗannan huɗun a rubuta kafin a taɓa allurar barci, kuma kada a sabunta takardar magani fiye da sau biyu ba a ga mai shan sa ido da ido ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP, wanda aka yi musamman domin ma'aikacin jinya na karkara, kuma abin da littafinsa ya fara da shi ke nan: a duba jiki. Kowace damina ma'aikatan sa-kai na bin gida-gida suna ba yara maganin kariya daga masassara. Sun san kowane ɗakin ƙurya a ƙauyensu. Tambaya guda a ƙara musu, ko akwai babba marar lafiya da ba ya fita, ta isa ta ba majo jerin sunayen da bai taɓa gani ba. Wanda ke shakkar ko jama'a na canzawa ya tuna yadda ake gudun kutare da, ya kuma je Danja, kudu da Maraɗi, ya ga yadda gidan da aka sani da jinyar kutare ya zama inda kowa ke zuwa neman magani.

A zamanin jam'iyyu da wuya a tuna ɗan takarar da ya taɓa ambaton waɗannan mutane a dandali, don ba su cika rumfar zaɓe. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, naɗaɗɗun jami'ai ne ke riƙe da su, waɗanda ba su da ƙuri'ar da za su nema, saboda haka ba su da wannan uzuri. A hannunsu takardar rashin galihu take. Suna iya ba majo da maigari ikon shaidar mutum nan take, sa hannu ya biyo baya. Su kuma Alhazan Maraɗi, waɗanda suka cika gari da masallatai da rijiyoyi, da ƴan kasuwar Caduwa, Agiye da Gazawa, sadakar da suke miƙa wa mai gyambo kowace ranar kasuwa, in an tara ta shekara, ta fi kuɗin wanke gyambon sau da yawa. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a mai riƙe da asusunta. Ƙungiyar ƴan kasuwar gari ɗaya tana iya ajiye wani kaso na zakkarta a can da sunan majinyacin da ya zo ba kowa, a biya masa magani, a biya wata dattijuwa ladan zama kusa da gadonsa, sannan a ƙarshen kowane wata ma'ajin kwamitin ya karanta wa masu kuɗin, a gaban sarkin kasuwa, mutum nawa aka duba da abin da aka samu a jikinsu.